Guzurin Ɗan Makaranta a Agege

Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kowane ɗalibi na wannan kwaleji da ya taɓa tsayawa gaban aji ɗaya ko aji biyu ya san gaskiyar wannan magana. Da safe yara su kan amsa da ƙarfi, har malami ya ji daɗin aikinsa. Amma in rana ta ɗaga, sai ka ga wannan ya kifa kai a kan tebur, wancan yana hamma, wata kuwa ta fashe da kuka ba wanda ya taɓa ta. Sabon malami ya kan ce lalaci ne, ya shiga neman bulala. Sau da yawa kuwa ciki ne. Domin wannan na ga ya kamata mu yi nazari a kan ɗan abincin nan da yaro ke ɗauka zuwa makaranta. Na kira shi guzuri, gama yini a makaranta tafiya ce babba ga ɗan shekara shida. Zan yi maganar unguwannin Hausawa na Ikko, watau Legas, musamman Agege, inda waɗansunmu mu kan je gwajin koyarwa, inda kuma waɗansu za su sami aiki in Allah ya yarda.

Hausawa ba baƙi ba ne a Agege. Cinikin goro ya kawo kakanninsu. An buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Ibadan a 1901, ta bi ta Agege, a 1911 kuma ta kai Kano. Daga nan fatake suka riƙa sauka suna sayen goro a gonakin da ke kewaye, suna ɗora wa jirgi zuwa Arewa, har Zango ya kafu ya zama gari cikin gari. Yau gonakin goro sun zama gidaje, amma abincin Arewa bai daina zuwa ba. Wake da gyaɗa da gero da albasa da tumatir suna sauka a kasuwar Mile 12 da sauran kasuwanni, mayankar Oko-Oba kuwa tana nan a Agege kanta, kuma Hausawa ne da yawa daga cikin masu wannan ciniki. Abin mamaki ke nan. Uba yana yini cikin buhunan wake, ɗansa kuwa yana yini a makaranta da biskit biyu da lemon kwali.

In aka kaɗa ƙararrawar tara, malami ya zaga ya duba, abin da zai gani ba shi da yawa. Waɗansu sun zo da kula cike da farar shinkafa da ɗan jan miya a sama. Waɗansu taliyar Indomie ce zalla, ta huce ta dunƙule. Waɗansu guntun burodi ne. Masu yawa kuwa ba su ɗauko kome ba sai kuɗin tara, su ruga bakin ƙofa wurin masu talla, su sayi alewa da cingam da ruwan sanyi mai launi a leda. Kada mu yi saurin zargin iyaye. A Ikko mutum ya kan fita tun duhun asuba domin ya riga cunkoson motoci, gida ɗaya ɗakuna goma, madafa ɗaya, gas da gawayi kuwa sun yi tsada. Uwa mai 'ya'ya huɗu ta miƙa wa kowa kuɗi ya fi mata sauƙi da ta ɗora tukunya. Duk shawarar da za mu bayar, in ba ta shiga cikin wannan hali ba, ta zama maganar littafi kawai.

Abin da jikin yaro ke nema

A darasin kiwon lafiya an koya mana cewa abinci aiki uku ya ke yi. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar tuwo da shinkafa da doya da burodi da mai. Akwai mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da nono. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, watau ganyaye da 'ya'yan itace. Babban mutum ya gama girma, in ya cika ciki da na farkon ya iya yini yana aiki. Yaro kuwa gini ne da ba a gama ba, kullum ana ɗora masa tubali. Cikinsa kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama ɗaya, domin haka tilas kowace loma ta zama mai amfani.

Wata likita mai suna Cicely Williams, mutuniyar Jamaika, ita ta fara bayyana wannan sarai sa'ad da ta ke aiki a Ankara ta ƙasar Gana. A 1933 ta rubuta labarin wata cuta da ke kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu ta riƙa saɓulewa. A 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen wurin ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture domin an yi masa ƙane. Yaran nan ba abinci suka rasa ɗungum ba. Cikinsu yana cika, amma da abu iri ɗaya.

Ba safai za mu ga mai kwashiyoko a aji ba. Abin da za mu gani ya fi wannan ɓuya. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Cikin kowane 100 kuma, 68 suna da ƙarancin jini. Waɗannan su ne ke zuwa mana aji ɗaya bayan shekara ɗaya ko biyu. Yaro mai ƙarancin jini ba ya kwanciya ciwo. Yana nan zaune a gabanka, sai dai ya kan gaji da wuri, abin da ka faɗa ba ya zama a kansa, a ƙarshen zango kuma ka rubuta masa cewa ba ya mai da hankali.

To, nawa ne ya ke bukata? Masana sun ce ɗan shekara huɗu zuwa takwas yana son kamar giram 19 na abinci mai gina jiki a yini. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, watau ya kusa biyan sulusi. Wake busasshe kusan rubu'insa mai gina jiki ne, gyaɗa ma haka, waken suya da a ke yin awara da shi kuwa ya fi sulusi. Garin rogo bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ku dubi waɗannan lambobi da kyau, za ku ga cewa abin da yaro ke nema ba ya cikin manyan kantuna. Yana cikin tukunyar gidansu tun zamanin kakanni.

Ku duba yadda iyayenmu mata suka saba haɗa abinci. Ƙosai da koko, shinkafa da wake, ɗanwake, kunun gyaɗa, dambu da zogale da ƙuli. Kowane ɗaya hatsi ne aka gama da wake ko gyaɗa. Ba su karanta ilmin abinci ba, amma ilmin ya gaskata su, gama abin da hatsi ya rasa na ginin jiki wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai kuma hatsi ya cika. In an ci su tare sun kusa kamo nama. Domin wannan, uwar da ba ta da halin nama ba ta rasa kome ba tukuna, muddin tana da gwangwanin wake. Burodin Agege ma, wanda sunansa ya kai ko'ina, ba laifi gare shi. Garin alkama ne mai ba da ƙarfi, kuma tun 2002 doka ta tilasta a sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na masana'anta, shi ne alamar ido da ku ke gani a jikin buhu ko kwalba. Amma burodi shi kaɗai rabin guzuri ne. Maƙwabtanmu Yarbawa su kan ci shi da dafaffen wake, sun yi daidai. A tsaga shi a sa ƙosai uku a ciki, ko a shafa masa tunkuza, ko a haɗa shi da dafaffen ƙwai, sai ya zama abinci. Haka taliyar leda. In ba makawa sai ita, a fasa mata ƙwai, a yanka karas da kabeji ko alayyafo, a kuma zuba rabin ƙullin magin da ke ciki kawai, gama gishirinsa ya yi wa yaro yawa.

Har yanzu a kan ji tsofaffi suna cewa in aka saba wa yaro da ƙwai zai zama ɓarawo. Ina tsammani an ƙago wannan magana ne a lokacin da ƙwai ke wuyar samu, domin a hana yara kwaɗayi. Ba ta da tushe. In ƙwai ɗaya ne a gidan, ɗan aji ɗaya ya fi maigida bukatarsa.

Wajen ganye ma ba mu yi rashi ba. Abin da Yarbawa ke kira ewedu shi ne lalonmu, irunsu kuwa daddawarmu ce. Zogale da rama da alayyafo da ugu duk suna kasuwa. Hannu ɗaya na ganye cikin dafa-duka ko cikin wake ya isa. Manja, in ba a soya shi har ya yi fari ba, yana cike da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Haka mangwaro da gwanda da karas, da dankalin nan mai jan ciki da aka fara fito wa manoma da irinsa daga cibiyar bincike ta Umudike a 2012. Game da 'ya'yan itace, a bi lokaci, a sayi abin da ya yi araha: lemo da agwaluma da rani, mangwaro da bazara, ayaba kuwa kullum tana nan. Ga wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye, wanda jiki ke yin jini da shi, ba ya shiga jiki da sauƙi. Ɗan tsamin lemo ko gwaiba ko tumatir yana taimakonsa ya shiga, ganyen shayi kuwa yana tare shi. Saboda haka yaron da ya ci wake ya sha lemon zaƙi ɗaya ya ci riba biyu, wanda aka ba shayi mai kauri a kan abinci kuwa an rage masa.

Gyaɗa tana da sharaɗi biyu. Na fari, kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyar ƙwayar gyaɗa ko aya ya tafi da ita, gama yara suna ci suna guje-guje, ta kan sarƙe su ta faɗa hanyar numfashi. A daka ta ko a ba shi tunkuza. Na biyu, a tsince wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika aka tarar wani dafi ne da funfuna ke haifarwa cikin ƙulin gyaɗar da aka ba su. Wannan dafi yana lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Ƙasa mai laima kamar Ikko, gyaɗa da masara ba su jimre ajiya kamar yadda su ke yi a Kano ko Katsina. A sayi kaɗan kaɗan.

Zafin Ikko da kwanon abinci

Nan ne wuyar ta ke, kuma nan ne na ga littattafanmu ba su tsaya sosai ba. Abinci ya iya zama mai kyau a tukunya da ƙarfe shida, ya zama cuta a kwano da ƙarfe goma sha ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa cikin abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi, ta kuma ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Zafin Ikko da rana ya kan kai digiri 30 ko fiye, cikin jakar yaro a aji mai rufin kwano kuwa ya fi haka. A irin wannan ɗumi waɗansu ƙwayoyin su kan ninka kansu cikin kowane minti 20. Ga lissafi ga 'yan aji shida: ƙwaya ɗaya, in ta ninka sau uku a awa, nawa za ta zama bayan awa huɗu? Amsa ita ce 4,096. Ba kuwa da ƙwaya ɗaya a ke farawa ba.

Shinkafa ta fi kowane abinci yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikinta, wadda tafasa ba ta kashe irinta. In shinkafa ta kwana a tukunya ba firji, ƙwayar ta kan farka ta zuba dafi, ɗumame kuma ba ya kawar da wannan dafi. Ba ta wari, ba ta yauƙi, amma yaro ya ci, kafin a tashi yana amai. Mu Hausawa mun saba da ɗumame, ba kuwa abin kunya ba ne. Tuwon jiya da aka tafasa miyarsa aka ci da zafinsa a gida kafin a fita, karin kumallo ne mai kyau. Abin da na ke cewa shi ne kada a zuba shinkafar da ta kwana a waje cikin kwano a ba yaro ya riƙe har tara.

Dabara biyu ce. Ko dai abincin ya zauna da zafinsa, ko kuwa ya zama irin wanda ba ya saurin lalacewa. Mai kula ta zuba mata tafasasshen ruwa ta rufe minti biyar, ta zubar, sa'an nan ta zuba abincin yana tururi, ta cika ta sosai ta rufe. Kula rabi ta fi saurin hucewa, domin haka ƙarama ta fi babba ga ƙaramin yaro. Wanda ba shi da kula kuwa, ya zaɓi abu mai tsane jiki: ƙosai ko awara da aka soya da safen nan, ƙwai dafaffe da ɓawonsa ba a fasa ba, dankali dafaffe, gasasshiyar agada, burodi, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, dabino. 'Ya'yan itace a bar su da ɓawonsu. Ayaba da lemo Allah ya yi musu mazubinsu. Kankana da abarba da aka yanka tun safe, ko waɗanda a ke tallarsu a yanke ƙudaje na bi, ba su dace ba. Alale da fura da nono da kunu da kwaɗon zogale abinci ne nagari ƙwarai, amma masu ruwa ne, su kan yi tsami da wuri. A ci su a gida da safe, ko a tarye yaro da su in ya dawo, kafin ya wuce Islamiyya da la'asar.

Mazubin kansa ma abin dubawa ne. Kada a zuba abinci mai zafi a baƙar leda, kada kuma a naɗe ƙosai da tsohuwar jarida. A Janairu 2024 gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da farar robar soson nan da masu sayar da abinci ke zubawa a ciki, domin tana toshe magudanan ruwa. Ƙaramar samira mai murfi ko kwanon roba mai kauri ya wadatar, in dai a kan wanke shi da sabulu a kife shi ya bushe kowace yamma. Ku duba bakin murfi da zoben robar kula, nan ne dauɗa ke maƙalewa. A kuma gwada a gida a ga ko yaron ya iya buɗe murfin da kansa. Na ga 'yar aji ɗaya ta zauna da kularta a cinya har aka koma aji, kunya ta hana ta ce wa kowa ta kasa buɗewa.

Abin sha kuwa ruwa ne. A watan Yuni 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas, ta kashe mutane, hanyarta kuwa ruwa ne da abinci da hannu marar tsabta. Kowane yaro ya zo da gorarsa, da ruwan da aka tafasa ko wanda aka tabbatar da tsabtarsa, kada kuma aji duka su sha da moɗa ɗaya. Lemon kwalba da na kwali sun zama alamar gata, har uwa ta kan ga in ba ta sa wa ɗanta ba ta gaza. Bari mu lissafa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da a ke ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in ya sauka zuwa 5 ma ya fi. Ga ƙaramin ɗan firamare, kashi 10 ɗin nan bai wuce ƙaramin cokali tara ba. Lemo da yawa suna da sukari kamar giram 10 cikin kowane mililita 100, an rubuta a jikinsu. Kwalba mai mililita 350 ke nan tana da giram 35, watau kusan cokali tara. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini duka, ta kashe wa yaro sha'awar abinci, ta bar masa ciwon haƙori, ba ta kuwa ɗora masa tubali ko ɗaya ba. Kuɗinta sau da yawa ya isa ƙwai da ayaba. Zoɓo na gida da aka yi da tafasasshen ruwa, aka rage masa sukari, ya fi ta nesa.

Rabon malami

Wani zai ce, ai ciyad da yara a makaranta aikin hukuma ne. Waɗansu ƙasashe sun ɗauke shi haka. Ingila ta yi dokar da ta ba hukumomin ilmi izinin ciyad da 'yan makaranta tun 1906, Japan ta yi tata a 1954. A nan ma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyarwa a 2016, bisa Naira 70 ga kowane yaro a yini, domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati. A Janairu 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ko a lokacin da ya ke tafiya, bai shafi 'yan aji huɗu zuwa shida ba, bai kuma shafi ƙananan makarantun kuɗi ba, inda yaran Agege da yawa ke karatu. Abinci irin wannan in ya zo mu karɓa da godiya, amma uwa ba ta iya dogara da shi ta sauke tukunyarta.

Abu ɗaya na ke so mu aro daga Japan, ba ya kuwa cin kwabo. A can malami ya kan zauna ya ci tare da ajinsa. Mu kuwa da an kaɗa ƙararrawa sai mu nufi ɗakin malamai. Uwa ta zuba abinci amma ba ta ga yadda aka yi da shi ba. Malami ne kaɗai babban da ke wurin sa'ad da a ke buɗe murfi. Shi zai ga wanda ya ci, da wanda ya zubar a kwata, da wanda babban yaro ya ƙwace wa, da wanda ya fita waje ya jingina da bango domin ba shi da abin buɗewa. Shi zai tsaya a ga an wanke hannu da sabulu kafin a ci. In ba famfo, galan mai ƙaramar huda da aka rataye a reshe ya isa aji guda.

Akwai kuma wani ciwo da malami kaɗai ke da maganinsa, shi ne kunya. A aji mai kabilu da yawa, yaron da ya buɗe ɗanwake ko dambu ya kan ji ana dariya ana tambaya mene ne wannan baƙin abu. Gobe sai ya ce wa uwarsa shi ba ya so, a ba shi kuɗi ko biskit kamar sauran. Haka abinci mai kyau ke fita daga kwano, ba domin talauci ba. Amma in malama ta buɗe nata kwanon gaban aji aka ga wake ne da manja, ko ta tsaya kan mai dambu ta ce, “Kai, wannan ƙamshi! Wa ya iya faɗa mana abin da aka sa a ciki?” to, an gama. Yara abin da malaminsu ya girmama shi su ke girmamawa. Darasi guda ya iya fita daga nan: kowa ya faɗi sunan abincinsa da harshensu, a rubuta a allo da Hausa da Yarbanci da Ibo, a raba su gida uku, mai ba da ƙarfi da mai gina jiki da mai tsarewa. Kada dai malami ya ɗaga kwanon wani ya nuna wa aji cewa ga misalin mugun abinci. Yaron ba shi ya zuba ba, ba kuwa zai manta ba.

Magana da iyaye tana son ladabi, balle ga mu da ba mu kai shekarun ƙannensu ba. A gidajen Hausawa da yawa maigida ne ke cefane, domin haka a taron iyaye da malamai shi za a nema. Ba a cewa, “Ba ku ciyad da ɗanku da kyau.” A gaishe shi tukuna, a tambayi iyali da kasuwa, sa'an nan a ce, “Alhaji, yaron nan naka yana da kai, sai dai ƙarfinsa ya kan ƙare kafin azahar. Da za a mai da kuɗin taran nan ƙosai ko ƙwai daga gida, ina tsammani za ka ga bambanci.” Malama kuwa ta iya shiga cikin gida ta zauna da uwar, ta ce, “Hajiya, ko da waken da kika dafa da safe ne, ki zuba masa da zafinsa.” Uwayen da ke gida ɗaya su kan iya yin karɓa-karɓa, yau wannan ta soya wa yaran gidan duka, gobe waccan, wuta ɗaya ta yi aikin huɗu. A tuna musu kuma da watan azumi, lokacin da ba a ɗora tukunya da rana, cewa 'yan aji ɗaya da biyu ba su kai azumi ba, a ware musu nasu tun sahur.

Saura wanda bai zo da kome ba. A kowane aji akwai shi, ba ya kuwa faɗa. In ya yi kwana uku a jere hannu wofi, a gaya wa shugaban makaranta a asirce, a bincika gidan, gama wani lokaci uwa ce ke kwance, wani lokaci uba ya yi tafiya Arewa bai aiko ba. Kafin a gama bincike, a zaunar da yara ƙungiya ƙungiya, biyar ko shida a tabarma ɗaya, kowa ya wanke hannu, a sa shi cikin waɗanda kwanonsu ke cika. Yaran Zango sun saba da cin kwano ɗaya a gida, ba sai an roƙe su ba. Malami kuma ya ajiye ɗan ƙuli-ƙuli da dabino a gwangwani mai murfi cikin aljihun teburinsa, ya aiki yaron ya kawo masa alli ko littafin kiran suna, ya ba shi a can inda sauran ba su gani.